Me ya sa tauraron ɗan'adam ba zai faɗi yawan ruwan madatsar Goronyo ba?

A damunar 2010 ambaliya daga madatsar Goronyo ta cinye gonaki da ƙauyuka a fadamar gulbin Rima. A 2018 kuwa, hukumar da ke kula da madatsar ta ce ruwan da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Manomin rani a Wurno, wanda shinkafarsa ke jiran wannan ruwa, yana da haƙƙin tambaya: ruwa nawa ne a ciki, kuma wa ke auna shi?

Akwai taurarin ɗan'adam da ke auna ruwa daga sama ba tare da ɗaukar hoto ba. Abin da suke amfani da shi shi ne ƙarfin jan da ke tsakanin abubuwa. Wasu kan kira shi maganaɗisun ƙasa, amma sunan ya kauce, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa ba ya ware komai. A 1687 Isaac Newton ya bayyana ƙa'idarsa: kowane abu yana jan ɗan'uwansa, kuma ƙarfin jan ya rataya ne a kan nauyi da tazara. Idan nauyi, wato yawan abin da jiki ya ƙunsa, ya ninka, jan ma ya ninka. Tazara ta fi tsanani. Idan ta ninka sau biyu, jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sau uku, ɗaya cikin tara.

A kan wannan ƙa'ida Amurka da Jamus suka harba tagwayen taurarin GRACE a 2002, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kimanin kilomita 220. Idan na gaba ya doshi yankin da nauyinsa ya fi yawa, sai yankin ya fizge shi kaɗan, tazarar ta buɗe da abin da bai kai kaurin silin gashi ba. Daga wata zuwa wata duwatsu ba sa ƙaura, ruwa ne ke zuwa ya tafi, don haka yawancin canjin nasa ne. Da haka aka nuna a 2009 yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ƙarewa a arewa maso yammacin Indiya. Wasu tagwayen sun gaje su a 2018.

Sai dai tazarar ce ke yanke musu iyaka. Idan Goronyo ta cika, tana riƙe da kimanin kubik mita miliyan 942, wato tan miliyan 942. Daga nisan kilomita 500 inda taurarin ke shawagi, jan wannan ruwa duka bai kai kashi ɗaya cikin biliyan 30 na jan duniya ba. Shi ya sa ba sa rarrabe komai sai yanki mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Ruwan Goronyo, da na fadamun Wurno da Rabah, da wanda ke kwance ƙarƙashin ƙasa har cikin Nijar, duk adadi ɗaya suke komawa.

Taurarin za su iya nuna ko ruwan yankin na ƙaruwa ko raguwa. Ranar da aka buɗe ƙofofin madatsar, da yawan abin da aka saki, da abin da ya rage wa manoma, waɗannan alƙaluma suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.