Masu Sharhin Hedfon a Intanet: Mu Yarda da Su Ko Mu Yi Hattara?

Duk wanda ya taɓa rubuta sunan wani hedfon ko iyafis a YouTube ko TikTok ya san abin da zai tarar. Wani saurayi ne a ɗaki mai fitilu masu launi, ya yage ledar kwali, ya saka abin a kunne, ya lumshe ido ya ce bai taɓa jin sauti irin wannan ba. Gobe kuma wani kwalin zai buɗe ya maimaita maganar. Mu ɗalibai a nan Birnin Kebbi, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin kuɗin iyafis mai kyau na iya cinye kuɗin abincin wata guda, kuma manyan samfuran ba a cika samunsu a shagunan gari ba balle mutum ya gwada. Sai dai a yi oda daga Legas ko Kano, wato cinikin biri a sama. Shi ya sa muke jingina da masu sharhi.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar mai sharhi ita ce a ɗauke shi a matsayin dillali. Wanda ya je sayen shinkafa ko busasshen kifi a kasuwar Argungu ya san dillali yana da amfani: ya san kaya, ya san farashi, yana rage maka wahala. Amma kowa ya san yana da la'ada, don haka ana auna maganarsa da wannan sanin. Dillalin intanet ma yana da tasa la'adar, sai dai sau da yawa ba ya nuna ta.

La'adar tana zuwa ta hanyoyi uku. Ta farko, mahaɗin da yake cewa ka latsa a ƙasan bidiyo. Idan ka saya ta nan, shagon zai ba shi wani kaso na kuɗin. Kamfanin Amazon ya fara wannan tsari tun 1996, kuma shagunan intanet da yawa sun kwaikwaya. Ka ga ke nan in ya ce kada ka saya, aljihunsa ya taɓa. Ta biyu, kayan kyauta. Kamfani zai aiko masa da sabon hedfon kafin ya shiga kasuwa, shi kuma ya san in ya kushe, na gaba ba zai zo ba. Ba sai an ce masa ya yi ƙarya ba, kunya da kwaɗayi sun isa. Ta uku, biya kai tsaye, inda bidiyon gaba ɗaya talla ne aka yi masa shigar sharhi.

Taurarin da masu saye ke bayarwa a ƙasan kaya ma ba su tsira ba. A shekarar 2021 Amazon ya kori ɗaruruwan samfuran kamfanonin China daga shagonsa saboda sayen yabo, har da Mpow wanda ya yi suna wajen sayar da hedfon. Dabarar ita ce a saka ƙaramin kati a cikin kwali, a yi wa mai saye alkawarin kyauta in ya ba da taurari biyar. Abin ya yi yawa har a 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa dokar hana sharhin bogi, da tarar da ta haura dala 50,000 a kan kowane laifi. Mu ma a Nijeriya muna da ARCON, wadda dokar 2022 ta ba ikon tantance tallace-tallace har da na kafofin sada zumunta, da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. To amma wace hukuma ce za ta iya bin duk bidiyon da ake ɗorawa a rana guda?

Yanzu mu ce mai sharhin mutumin kirki ne, bai karɓi ko sisi ba. Shi ke nan a yarda da shi? Nan ma da sauran magana, domin kunne yana bin ido. A 1994 wasu masu bincike biyu, Floyd Toole da Sean Olive, na kamfanin Harman mai yin JBL, sun gwada mutane da lasifiku iri-iri. Da mutanen suna ganin lasifikun, manya masu tsada suka fi samun maki. Da aka saka labule suka daina ganin abin da suke saurare, sai tazarar ta ragu, makin ya sauya. Har ƙwararrun cikinsu abin bai bar su ba. To mutumin da ya san hedfon ɗin da ke kansa na dala 549 ne, kamar AirPods Max da Apple ya fitar a 2020, zuciyarsa ta riga kunnensa yanke hukunci. Ga kuma wata: idan aka kwatanta sauti biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi ake ji kamar ya fi daɗi, ko da bai fi inganci ba.

Shi ya sa masu sharhi na ƙwarai suke haɗawa da awo. Suna ɗora hedfon a kan wata na'ura mai siffar kan mutum, su auna yadda yake fitar da sauti daga mafi kauri zuwa mafi siriri, wato daga 20 zuwa 20,000 a ma'aunin Hertz, iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji. Shafin RTINGS na ƙasar Kanada misali ne, kuma su da kuɗinsu suke sayen kayan da suke gwadawa. Awo ba zai gaya maka abin da zai yi maka daɗi ba, amma yana tona asirin wanda ya cika baki.

Sai babbar matsalar da ta shafe mu kai tsaye: duniyar mai sharhi daban, tamu daban. Shi yana gwaji da iPhone ko babbar Samsung, da waƙoƙin da ba a matse su ba. Yawancinmu Tecno, Infinix ko itel muke riƙe da su, waƙar kuma ta bi ta WhatsApp da Xender har ta gaji. Wasu manyan hedfon ba sa nuna ƙarfinsu sai wayar tana da irin fasahar Bluetooth ɗin da suke buƙata, kamar LDAC ko aptX. In babu, ka biya kuɗin abin da ba za ka ji ba. Batun batir ma haka ne. Apple da kansa ya ce a yi amfani da AirPods a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura 40. Mai sharhi da ke ɗaki mai sanyi, wanda ya riƙe kayan kwana uku kacal, ba zai iya gaya maka yadda batir zai kasance bayan bazara biyu ba, ko abin da ƙurar hunturu da gumi za su yi masa. Kuma shi asali aka aiko masa. Kai kuwa, abin da zai iso hannunka zai iya zama jabu mai kwali iri ɗaya. Jabun AirPods ya yi yawa har Apple ya saka gargaɗi a cikin iOS 16 don ya sanar da mai waya.

To mene ne abin yi? Da farko duba ko mai sharhin ya faɗi inda ya samo kayan, saye ko kyauta. Sannan ka leƙa tsofaffin bidiyoyinsa: in bai taɓa kushe komai ba, ɗan talla ne. Nemi sharhin wanda ya yi wata shida yana amfani da kayan, ya fi na mai buɗe kwali amfani nesa ba kusa ba. A shagunan intanet kuwa, karanta na masu taurari biyu da uku, domin a nan ake faɗin aibi dalla-dalla. In mutum biyar da ba su san juna ba suka ce kunnen hagu yana mutuwa, ka yarda.

Bayan haka, gani ya kori ji, a nan kuma jin kunnenka ne ya kori na wani. A aji ko hostel da wuya ka rasa mai Oraimo ko JBL irin wanda kake so. Roƙe shi aro na minti goma, ka haɗa da wayarka, ka saka abin da ka sani sarai: karatun da ka saba ji, ko kiɗan kalangu da ka san yadda yake a fili. Ka kira wani ka ji ko yana jin muryarka a cikin hayaniyar titi. Masu gyaran waya a babbar kasuwa su ma shaidu ne, don su ake kai wa abin da ya lalace, sun san wanda ke yawan dawowa.

Abu na ƙarshe, wanda masu sharhi ba su cika ambata ba: kada ƙarfin ƙara ya zama ma'auninka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa, kuma ta ba da shawarar kada a wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Iyafis in ya lalace ana sayen wani, kunne kuwa babu shagon da ke sayar da shi.