Cikakken Adireshin Fayil a Manhajojin Uwar Garke

Manhajar da ke aiki a kan uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, takan buƙaci ajiye abubuwa, kamar hoton da mai ziyara ya ɗora ko rahoton kurakurai. Kafin ta rubuta fayil sai an faɗa mata inda za ta sa shi. Ana iya ba ta guntun adireshi kamar rahoto/yau.txt, ko cikakke wanda ya faro daga tushe, kamar /var/www/shafi/rahoto/yau.txt a Linux, ko mai farawa da C:\ a Windows.

Guntun adireshi tamkar kwatancen "gida na uku a hannun dama" ne, amfaninsa ya danganta da inda mai tambaya yake tsaye. Kwamfuta tana lissafa shi daga foldar da take aiki a ciki a lokacin, ba daga inda manhajar take zaune ba, kuma wannan folda ba ta tsayawa wuri guda. A harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, idan shafi ya janyo wani fayil daga wata folda, lissafin yana nan a foldar shafin farko. Idan kuwa cron ne, mai tayar da ayyuka bisa agogo a Linux, ya tashi manhajar da tsakar dare, daga foldar mai asusun da ya tsara aikin zai fara. Sai aikin da ya yi daidai da rana ya ƙi, ko kuma, abin da ya fi muni, ya rubuta fayil a wani lungun da ba wanda zai leƙa.

Maganin ba shi ne a rubuta dogon adireshi da hannu ba, domin ranar da aka koma wata uwar garke komai zai wargaje. Tun sigar 5.3 ta 2009, PHP na da __DIR__, wanda ke ba da cikakken adireshin foldar da fayil ɗin manhajar yake, sai a liƙa masa sauran. Wasu na dogara da DOCUMENT_ROOT, mai nuna babbar foldar shafin, amma babu komai a cikinsa idan ba ta burauza aka kira manhajar ba.

Adireshi daidai ba ya ba da izinin rubutu. A Ubuntu, Apache, manhajar da ke miƙa shafuka ga burauza, na aiki da asusun www-data, shi za a ba iko a kan foldar. Buɗe ta ga kowa da lambar izini ta 777 ganganci ne, kuma fayilolin sirri wajensu folda ce da burauza ba ta iya kaiwa gare ta.