Badagry: Rairayin Teku da Tarihin Bayi

Badagry na yamma da Legas, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Ga mutumin Rigasa da ke Kaduna, wanda bai san wani babban ruwa ba sai Kogin Kaduna, ganin Tekun Atlantika abin mamaki ne: ruwan gishiri iya ganin ido, da itatuwan kwakwa jere a kan rairayi.

A cikin gari akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da gidajen tarihi masu ajiye sarƙoƙin bayi. Daga nan kwalekwale ke tsallakar da baƙi zuwa tsibirin Gberefu, inda ake taka hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa. Igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, ko gwanin iyo a kogi gara ya tsaya a gaɓa.