Kafin Ka Sayi Fedar Jita, Tambayi Wutar da Take Ci

Kwanan baya wani tsohon ɗalibinmu daga Nima ya same mu a Kokomlemle bayan an tashi makaranta, da wani ɗan akwatin ƙarfe a leda, yana warin ƙuna. Feda ce ta jitar lantarki, irin wadda makaɗa ke takawa da ƙafa, yayansa ya aiko masa daga Amurka. Ya ce, "Malam, ko minti ɗaya ba ta yi ba." Da muka juya bayanta sai ga rubutu ƙarara: bolt 120. Wutarmu kuwa a nan Gana bolt 230 ce. Ga shi an ɗauke su wasa a wani biki ranar Asabar, sun ma karɓi kafin alƙalami.

Ga wanda bai sani ba, wannan feda, wadda makaɗa ke kira obadiraib, aikinta shi ne ta sa wa muryar jita kaushi da ɗan gurnani. Asalin abin daga tsofaffin amfilifaya ne masu bawul, wato ƙwan gilashin nan da ke yin ja a cikin rediyon kakanninmu. In aka ƙure musu murya, bawul ya kan kasa ɗaukar dukkan sautin, sai ya danne kansa a hankali, muryar ta fito da kauri, ta kuma daɗe tana amo. Kunnen mutanen Ankara ya saba da wannan tun da daɗewa, domin ranar 6 ga Maris 1971 Santana ya kaɗa a filin Black Star a wasan Soul to Soul. A yau kuma samarinmu suna jin Bombino da Mdou Moctar na ƙasar Nijar, suna son jitarsu ta yi kuka irin haka.

To, tarkon farko yana cikin suna. Fedar da ta fi kowace shahara, koriyar nan Tube Screamer ta kamfanin Ibanez wadda ta fito a 1979, sunanta na nufin bawul, amma babu bawul ko ɗaya a cikinta. 'Yan ƙananan kayan lantarki ne ke kwaikwayon muryarsa, kuma batir mai bolt 9 ya ishe ta. Wannan ba aibu ba ne, manyan makaɗa sun yi shekaru da ita. Sai dai kada mai shago ya karɓi kuɗin bawul a hannunka alhali babu shi. Masu bawul na gaske, irin su Tube Driver ta B.K. Butler wadda David Gilmour ya yi amfani da ita, yawanci suna ɗauke da ƙwai mai lamba 12AX7, wanda a Turai ake kira ECC83.

A nan ne maganar wuta take shigowa, kuma a ganinmu ita ce gaba da kome. Bawul sai ya yi zafi yake aiki. Zaren da ke ɗumama 12AX7 kaɗai yana cin miliamfa 150 a kan bolt 12.6, ko 300 a kan bolt 6.3, alhali Tube Screamer ba ta cin ko 10. Saboda haka batir ba ya riƙe mai bawul, dole sai adafta tata ta kanta ko kuma wutar bango. In daga Amurka ta zo, a nemi taransifoma mai rage wuta tun kafin a kai hannu ga soket. Duk wanda ya ga dumso na 2015 ya san yadda wuta kan dawo da ƙarfi, ya kuma san janareton haya na wurin biki ba abin yarda ba ne. Sa'an nan gilashi ne. Wanda zai riƙa ɗaukar kayansa a trotro daga Maamobi zuwa Madina kowane mako ya tuna da ramukan hanya. In ya fashe kuwa, masana'antun da suka rage suna yin sabo kaɗan ne, a Sulobakiya da Rasha da Sin, har aka yi ƙarancinsa a duniya a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren.

Mu dai shawarar da muke ba yaranmu ita ce, in za a je shagunan Zongo Lane ko wajen masu kayan gwanjo, a tafi da jita, in da hali har da amfilifayar da ake wasa da ita. Fedar da ta yi daɗi a babbar amfilifayar shago tana iya yin ƙara kamar ƙudan zuma a taka ƙarama. A ɗaga maɓallin kaushi zuwa rabi, a kaɗa, sa'an nan a rage murya daga jikin jitar. Feda ta kirki za ta washe, kowace tsirkiya ta fito sarai. Wannan gwaji ya fi muhimmanci ga mai kiɗan hailaif, domin salon su E.K. Nyame da Nana Ampadu na tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya ne, kaushi mai yawa sai ya cakuɗa shi kamar kunu. A kuma daina kaɗawa, a kasa kunne: in tana huci ko tsuwa ita kaɗai, ko ka ƙwanƙwasa jikinta ka ji a lasifika, bawul ɗin ya gaji.

Ɗalibin namu mun kai fedarsa wajen wani mai gyaran rediyo kusa da Circle. Ya ce bawul lafiya lau yake, taransifomar ciki ce ta ƙone, zai sāke naɗa ta daidai da wutarmu, amma sai bayan mako biyu. Ranar Asabar ɗin da fedar aro mai batir yaron ya yi wasansa.