Gidan Amumune: yadda ake neman bayani a ofishin hukuma, da wa'adin amsa

Manomi a Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi a jihar Maraɗi, wanda ya biya haraji kuma yake son sanin nawa aka ware wa gyaran rijiya ko ginin aji a kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa, ba alfarma yake roƙo ba. Doka ce ta ba shi wannan haƙƙi: doka mai lamba 2011-22 ta ranar 23 ga Fabrairun 2011, wadda aka sa wa hannu a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya na Janar Salu Jibo. Ta shafi ma'aikatun gwamnati, ƙananan hukumomi, da kamfanonin da aka danƙa wa aikin jama'a.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne takarda. Dole buƙatar ta kasance a rubuce, kuma ma'aikacin da ya karɓa ya ba mai nema shaidar karɓa. Daga nan hukuma na da kwana 15 ta ba da amsa a rubuce tare da dalilanta. Ƴan jarida da masu bincike kuwa kwana 5 ne. A nan ne yawancin buƙatu ke mutuwa a karkara. Mutum ya je ma'aikatar magajin gari ya yi tambaya da baki, a ce masa sakatare ya tafi Mayahi, ya dawo ranar kasuwa. A idon doka bai nemi komai ba, agogo bai fara juyawa ba. Ga shi aikin ofis ya daɗe yana tafiya da Faransanci, wanda akasarin mutanen ƙauye ba sa karantawa. Dabarar ita ce a sa malamin makaranta ko wani ɗalibi ya rubuta, a ambaci takardar da ake so da shekararta, a yi kwafi biyu, a nemi hatimi da kwanan wata a kan wanda za a koma da shi gida.

Duba takarda a cikin ofis kyauta ne, amma kuɗin kwafi na kan mai nema. Hukuma na iya hanawa idan abin ya taɓa sirrin tsaron ƙasa, rayuwar wani ta sirri, ko shari'ar da ke gaban alƙali. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba ya cikin waɗannan.

Idan an hana, ko an yi shiru, wanda doka ke ɗauka a matsayin hani, dokar ta buɗe hanyoyi: ƙorafi ga na sama da ma'aikacin, ko ga kotu. Sai dai ƙungiyoyin ƴan jarida sun yi shekaru suna kukan rashin dokar zartarwa da za ta fayyace yadda ofisoshi za su yi aiki da ita. A Najeriya ma, inda aka kafa irin wannan doka a Mayun 2011 da wa'adin kwana 7, kukan shiru ɗin ake yi.

Tun da hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 suka naɗa kantomomi, babu sauran kansilan da mutumin ƙauye zai tare ya tambaya. Yanzu takardar kai tsaye ofishin kantoma za ta nufa.