Zuƙo Kaya Ta Bututu: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Sayi Inji

DOMA, Jihar Nasarawa: Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, matakin da ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin tafiyar da inji ya zama babban abin lissafi ga duk wanda sana'arsa ta dogara ga famfo ko fanka. A Ƙaramar Hukumar Doma, wadda ke kudu maso yammacin Lafiya kuma ta yi iyaka da Kogin Binuwai ta kudu, noman rani da cashe shinkafa da gyaran riɗi duk suna amfani da dabara guda, watau zuƙo ruwa ko kaya ta cikin bututu. Dabarar tana da araha a inda ta dace, amma tana da iyakar da girman inji ba ya ƙetarewa, kuma rashin sanin wannan iyaka yakan sa ɗan kasuwa ya zuba jari inda ba zai dawo ba.

Yadda dabarar take aiki

Iskar da ta lulluɓe duniya tana da nauyi. A bakin teku takan danne kowane murabba'in mita da nauyin da ya kai kimanin tan 10. Idan inji ya kwashe iskar da ke cikin bututu, sai dannin da ke ciki ya ragu, iskar waje kuma ta danno ruwan kogi ko na rijiya ya hau cikin bututun. Watau aikin injin shi ne buɗe wuri, nauyin iskar waje shi ke yin turin. Tun da yake wannan nauyi ƙayyadadde ne, tsawon da ruwa zai hau shi ma ƙayyadadde ne: mita 10.3 a bakin teku, ko da an kwashe iskar bututun ƙaƙaf.

An daɗe da sanin haka. A ƙarni na 17 masu haɗa famfo a ƙasar Italiya sun lura cewa ruwa ba ya wuce wani tsawo komai ingancin famfonsu, har sai da masani Torricelli ya bayyana dalilin a gwajin da ya yi a shekarar 1643. A wurin aiki kuwa ba a kaiwa mita 10. Gogayyar ruwa da jikin tiyo, da 'yar iskar da ke shiga ta mahaɗa, da zafin ruwan kansa, duk suna cin rabonsu, saboda haka ƙaramin injin ban ruwa yakan tsaya ne tsakanin mita 6 zuwa 8, kuma tun kafin ya kai nan ruwan da yake bayarwa ya riga ya ragu ƙwarai.

Tudun ƙasa ma yana da tasiri, domin iska tana rage nauyi idan an hau sama. Injin da aka kai Jos, mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, zai yi hasarar fiye da mita ɗaya na abin da zai iya zuƙowa. Doma, da yake tana cikin kwarin Binuwai, ta samu sauƙi ta wannan fuska.

Noman rani da zurfin ruwa

Shirin bunƙasa noman fadama na ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990, shi ya yaɗa gajerun rijiyoyin bututu da ƙananan injunan fetur masu inci biyu da inci uku a arewacin ƙasar nan. Shirin ya yi nasara ne saboda ruwan fadama yana kusa da doron ƙasa, cikin iyakar da zuƙo ke iya kaiwa. A Doma, baya ga fadamun Binuwai, akwai madatsar ruwan Doma da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Ƙasa mai hedkwata a Makurdi.

Matsalar takan bayyana ne a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya ja ƙasa. Injin da ya yi aiki lafiya a watan Disamba sai ya fara kawo ruwa kaɗan, yana ƙara kamar mai tauna tsakuwa. Wannan ƙara alama ce ta cewa dannin da ke bakin farfelar injin ya faɗi har ruwan ya soma yin kumfar tururi, kumfar tana fashewa a jikin ƙarfe tana cinye shi sannu a hankali. Manomin da ya ga haka ya sayi inji mai ƙarfin da ya ninka na farko zai ƙara shan mai ne kawai, domin ƙarfin inji yana ƙara nisan da za a tura ruwa gaba, amma ba ya ƙara zurfin da za a zuƙo shi.

Maganin yana da sauƙi da araha. Manoman fadama da dama sukan haƙa rami a gefen rijiya su saukar da injin ƙasa da mita ɗaya ko biyu domin ya kusanci ruwa. Haka kuma gajarta tiyon zuƙo da miƙar da shi da ɗaure mahaɗarsa sosai sukan dawo da ruwan da aka rasa. Faɗin tiyo ma yana da muhimmanci fiye da yadda ake tsammani: idan aka bi da ruwa mai yawa ɗaya ta tiyo mai inci uku maimakon mai inci biyu, gogayyar takan ragu kusan ninki bakwai. Inda kuwa ruwa ya zarce mita 8, sai a koma ga famfon da ake zurawa cikin rijiya, wanda ke turo ruwa daga ƙasa, irin wanda ake haɗawa da hasken rana. Kuɗin sayensa ya fi yawa, amma ba ya neman fetur kullum.

Ɓuntu da dusa a masana'antar shinkafa

A watan Yuli na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe masana'antar shinkafa ta kamfanin Olam a Rukubi cikin Ƙaramar Hukumar Doma, abin da ya sanya yankin cikin manyan cibiyoyin shinkafa na ƙasar nan. Baya ga irin wannan babban kamfani, akwai ɗimbin ƙananan masu injin cashe shinkafa a Lafiya da kewaye, kuma babba da ƙarami duk suna fama da abu guda, wato ɓuntu.

Ɓuntu yakan kai kimanin kashi 20 cikin 100 na nauyin shinkafa shanshera. Alal misali, injin da ke cashe tan 10 a rana zai fitar da ɓuntu tan 2, kuma saboda rashin nauyinsa wannan tan 2 yakan cika wurin da ya kusa kai kubik mita 20. Kwashe shi da buhu da baro yana cin lebura da fili da lokaci. Don haka injunan zamani suke amfani da fanka mai zuƙo iska: iskar ta ratsa shinkafar da aka ɓare, ta ɗauke ɓuntu mai sauƙi ta bar ƙwaya mai nauyi, sa'an nan ta bi da shi ta bututu zuwa wani babban mazurari inda iska ke juyawa, ɓuntun ya faɗi ƙasa, iskar ta fice ta sama. Da irin wannan hanya ake tattara dusa, kuma da ita ake raba riɗi da ƙura da ƙaiƙayi. Doma ta yi suna a noman riɗi, masu saye daga ƙasashen waje kuwa suna yanka farashi ne bisa tsabtar kaya.

Amfanin zuƙo a nan ya kasu gida biyu. Na farko, idan bututu ya huje iska ce ke shiga ciki, ƙura ba ta fitowa, saboda haka ɗakin aiki yakan zauna da tsabta. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ƙurar hatsi da ta sukari kan kama da wuta ta fashe, kamar yadda ya faru a wata matatar sukari a jihar Jojiya ta Amurka a 2008, inda mutum 14 suka rasa rayukansu. Na biyu, fanka guda na iya zuƙo kaya daga wurare da yawa ya tara su wuri ɗaya.

Sai dai kuma akwai abin da ake biya. Kafin kaya su tashi cikin iska, dole iskar ta yi gudun mita 20 zuwa 30 a cikin daƙiƙa guda, kuma wannan gudu yana cin wuta fiye da na'urar da ke ɗaga hatsi da jerin ƙananan bokitai a jikin bel. Har ila yau gudun yakan karya ƙwayar shinkafa idan ta bugi gwiwar bututu, karyayyar shinkafa kuwa farashinta ƙasa yake. Wannan ne ya sa masana'antu suke ɗaga shinkafar kanta da bokitai, su bar wa iska ɓuntu da dusa da ƙura. Shi kansa ɓuntun yana da kaifi irin na yashi, yakan ci gwiwar bututu har ta huje, don haka mai sayen inji ya kamata ya tambayi kaurin ƙarfen gwiwa da kuɗin sauya ta. Bugu da ƙari, zuƙo ba ya nisa. Idan tazarar ta wuce kimanin mita 100, yawanci akan koma ga hura iska daga baya, domin hurawa ba ta da rufi irin na zuƙo.

Yashi da laka

Jirgin yasar kogi yana zuƙo yashi ne gauraye da ruwa, ya tura shi ta bututu zuwa gaɓa. Da irin waɗannan jirage ake cike fadamu da samar da yashin gini a Legas, kuma a 2009 gwamnatin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ƙaddamar da aikin yashe Kogin Kwara daga Warri zuwa Baro, tazarar kilomita 572. Duk mai sha'awar kai irin wannan jirgi Binuwai yana da lissafi biyu a gabansa. Mafi yawan abin da injin ke ɗauka ruwa ne, yashin yakan kasance kashi 10 zuwa 20 cikin 100 kawai, watau ana ƙona gas ne a kan ruwan da za a zubar. Sa'an nan gaurayen ya fi ruwa zalla nauyi, idan yashi ya kai kashi 20 nauyin yakan ƙaru da sulusi, saboda haka zurfin da za a iya zuƙowa yana ƙara raguwa. Idan kuma gudun ya yi ƙasa, yashi ya kwanta ya toshe bututu, aikin yini guda ya tafi.

Ban da inji akwai doka. Kogin Binuwai yana cikin hanyoyin ruwa da ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, yashi kuma doka ta ɗauke shi a matsayin ma'adini da ke bukatar izini. Yasa kusa da gaɓa yakan jawo zaizayar gonaki, abin da kan haɗa mai jirgi rigima da manoma da masunta.

Batun ma'aikata

Na'urar zuƙo tana rage hannun da ake bukata, kuma tarihi ya nuna cewa hakan ba ya wucewa salin-alin. A shekarun 1890 injiniya Frederic Duckham ya ƙera na'urar zuƙo hatsi daga cikin jirgin ruwa a tashar Milwal ta Landan. Da irinta ta isa tashar Rotadam ta ƙasar Holan, 'yan dako da masu awo sun shiga yajin aiki a 1905 da 1907 saboda tsoron rasa abin yi. A Nijeriya, inda kuɗin lebura bai kai na Turai ba amma wutar lantarki take da tsada da yankewa, ba ko da yaushe ne inji yake fin ɗan dako araha ba. Inda na'urar ta fi biyan kuɗinta shi ne aikin da ke da ƙura ko ƙazanta ko haɗari ga lafiya, kamar kwasar ɓuntu, ko kwasar masai da motocin tanki ke yi a birane.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Mai niyyar saka jari a ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i ya kamata ya riƙe alƙaluma huɗu kafin ya je kasuwa. Na ɗaya, zurfin ruwa a ƙarshen rani, domin awon da aka yi bayan damina yakan yaudari mai shi. Na biyu, tazarar da kayan za su yi da yawan gwiwoyin da ke hanya. Na uku, yanayin kayan, ko masu karyewa ne kamar shinkafa, ko masu cin ƙarfe kamar ɓuntu da yashi, ko masu danƙo kamar dusa mai laima. Na huɗu, litar man da injin zai sha a kan kowane tan ko kowace kadada, domin a cikin 'yan shekaru kuɗin mai yakan zarce kuɗin sayen injin kansa.

Dillalin inji yakan ambaci ƙarfin doki da yawan litar da famfo ke bayarwa a minti guda, amma waɗannan alƙaluma na lokacin da ruwa yake kusa ne. Abin da ya dace mai saye ya nema shi ne takardar kamfanin da ya ƙera injin, wadda ke nuna yawan ruwan da zai bayar a zurfin mita 5 da na mita 7, ya kwatanta da awon rijiyarsa na watan Afrilu.