Me ya sa rumbunan bayanai ke maimaita abin da aka hana maimaitawa?

A watan Agustan 1991 aka cire Jigawa daga jihar Kano. Ka ɗauka wani kamfanin raba kaya yana da shaguna a Haɗeja da Gumel, kuma a kowane layi na rajistar cinikinsa an rubuta "Kano". Dole a bi layukan ɗaya bayan ɗaya a gyara, kuma ko kaɗan aka tsallake, lissafin jihohin biyu ya gurɓace.

Wannan ciwon kai ne Edgar Codd na kamfanin IBM ya nemi magancewa tun daga 1970, da ƙa'idar a rubuta kowane bayani a wuri ɗaya tak. Ya tsara ta mataki-mataki. Na farko ya ce kowane gurbi ya ɗauki bayani guda. Na uku, wanda galibin masu aikin ke tsayawa a kansa, shi zai ce tunda gari ne ke nuna jiha, sunan jiha ya koma jadawalin garuruwa. Gyara ɗaya ya wadatar. Don haka aka fi gina manhajojin banki da na kanti a haka.

Amma rumbun bayanai, inda ake tara cinikin shekaru domin fitar da rahoto, buƙatarsa daban. Manaja na son jin buhu nawa aka sayar a kowace jiha, sai kwamfuta ta haɗa jadawali biyar ko shida kafin ta amsa. Ralph Kimball, a littafinsa na 1996, ya goyi bayan tsarin tauraro: alƙaluman ciniki a tsakiya, kewaye da jadawalin shago, na kaya da na kwanan wata. Gari da jiha duk suna cikin jadawalin shago, ko da an maimaita. Hujjarsa ita ce waɗannan jadawalai ƙanana ne, wurin da za a rage bai kai wahalar ba. Bill Inmon kuwa ya fi son babban rumbun ya tsaya a mataki na uku, a gina ƙananan na rahoto daga jikinsa.

A ganina, inda maimaicin ya fi rana shi ne tarihi. In aka goge "Kano" aka sa "Jigawa", cinikin 1990 zai koma jihar da ba a haifa ba tukuna. Mabiya Kimball sai su ƙara wa shagon Gumel sabon layi mai kwanan wata, su bar tsohon yadda yake.